Alhakin Babban Kamfani A Kan Masu Yi Masa Kaya

Manyan kamfanonin tufafi na Turai da yawa ba su da ɗakin ɗinki ko ɗaya. Kwangila suke bai wa ƙananan masana'antu a ƙasashe masu arahar ƙwadago, su kuwa su liƙa sunansu su sayar. To, in an cuci maɗinki a can, laifin wa ke nan?

Mu ɗauki misalin Bangladesh. A garin Savar, kusa da Dhaka, an yi wani bene mai hawa takwas, sunansa Rana Plaza, da masana'antun ɗinki biyar a ciki. Ran 23 ga Afrilu, 2013 aka ga ginin ya tsage. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe, amma kashegari aka tilasta wa maɗinka su koma bakin aiki. Da safiyar nan ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu.

Da ma kamfanoni da yawa suna da rubutattun ƙa'idoji na kyautata wa ma'aikata, sai dai a takarda suka tsaya. Ni a ganina, wanda ya karya farashi, ya kuma ce a kawo kaya cikin gaggawa, ba ya iya cewa babu ruwansa.

A watan Mayu na shekarar aka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu. Injiniyoyi masu zaman kansu suka bi masana'antu fiye da 1,600 suna duba gini da wayoyin lantarki da ƙofofin tsira daga gobara. Masana'antar da ta ƙi gyara, sai a daina sayen kayanta.