Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Land Rover

Wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar Hausa ya san landiroba, motar Di'o da 'yan sanda da malaman dabbobi. A garin Solihull na Ingila aka fara ƙera ta a 1948. Series II ta fito a 1958, IIA a 1961, Series III kuma daga 1971 zuwa 1985. Yau a Ingila farfaɗo da irin waɗannan motoci abin sha'awa ne da mutane ke ƙarar da Asabar da Lahadinsu a kai, kuma motar da ta haura shekara 40 tana iya samun sassaucin haraji da na gwajin shekara-shekara. Ga mai son gwadawa, dokar ɗaya ce: a fara da ƙashi, fata ta jira.

1. Ka san wacce ka samu. Lambar shasi tana kan ɗan faranti a cikin motar, an kuma buga ta a ƙarfen shasin, gaba ta dama, inda sifirin yake rataye. Ka tabbata biyun sun yi daidai da takardu. Gidan tarihin motoci na Gaydon yana ba da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota da launinta na asali. Ka kuma lura ko gajera ce mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, ko doguwa mai 109, don kayan gyaransu sun sha bamban.

2. Ka shiga ƙarƙashinta da guduma. A nan ciniki yake ƙulluwa ko ya watse. Jikin landiroba na alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar mai saye: fuska sumul, ƙasa kuwa ta rube. Ka kwanta a kwali, ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa taku-taku. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran. Inda ka ji "dub", garin tsatsa ya zubo maka a ido, to wurin ya mutu. Ka fi matsa wa ƙarfen da ya gitta can baya, da hannuwan da ke ɗauke da jiki, da bangon da ya raba inji da direba, musamman wurin ajiye ƙafa da ginshiƙan ƙofa. Ƙaramin rami mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Idan ramuka sun yi yawa, sayen sabon shasi ya fi faci a kan faci arha.

3. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto. Kowane noti da wayarsa a sa su a leda, a rubuta daga inda suka fito. Kada ka kusance ta da sifanun milimita kaɗai. Notinanta na awon inci ne, wasu ma na tsohon awon Whitworth, kuma sifanar da ba ta zauna daram ba cinye kan noti take yi. Wanda ya cije, a jiƙa shi da mai ya kwana.

4. Ka tashi injin a hankali. Injin da aka fi samu shi ne mai lita 2.25. Idan ya daɗe a ajiye, ka cire fulogogi, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka zura handil ta gaba ka juya shi da hannu. Babban yatsanka ya kasance gefe ɗaya da sauran yatsu, don idan injin ya tunkuɗo baya, karaya ce. In ya juya, sai a zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da kafireto, a zuba baƙin mai 20W-50. A injin fetur, tazarar bawul inci 0.010 ce, ta kwantak kuwa wajen 0.015. An ƙera waɗannan injuna ne lokacin fetur mai dalma, saboda haka ko a sa wa kan injin mazaunin bawul mai tauri, ko a riƙa ƙara maganin da ke maye gurbin dalmar.

5. Ka duba batir kafin ka haɗa. Motocin da aka yi kafin 1967 galibi kan batir mai alamar tarawa ne yake haɗe da jikin mota, saɓanin na yanzu. Wanda ya haɗa yadda ya saba zai iya ƙona kaya. Kayan wutar Lucas sun yi ƙaurin suna, amma sau da yawa laifin na datti ne da tsatsar mahaɗa. Ka goge kowace mahaɗa har ta yi ƙyalli kafin ka zargi wani abu. Wayar da rigarta ta bushe tana farfashewa, a canza ta gaba ɗaya.

6. Birki ba a yi masa faci. A sabunta robobi da bututai da takalman birki, a zuba sabon mai DOT 4, a riƙa canza shi duk shekara biyu domin yana shan danshi. Giyabos kuwa EP90 mai alamar GL4 yake so, don wasu man GL5 suna cin tagullar da ke ciki.

7. Sai yanzu fenti. Inda alminiyam ya taɓa baƙin ƙarfe za ka ga farin gari, alamar suna cin juna. A kankare, a raba su da roba ko fenti, a fesa share-fagen da ke kama alminiyam, sannan launi. Ƙananan lotse-lotse ka bar mata abinta, tarihinta ne.

Ranar da ta tashi, kada ka nufi doguwar hanya. Ka zaga unguwa, ka dawo, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ɗigon da ka gani shi zai gaya maka aikin Asabar mai zuwa.