Kulle Na'urar Rarraba Intanet: Makullai Biyu Ne

Na'urar nan da ke rarraba intanet ba tare da waya ba, wadda ake kira rauta, saƙonninta a iska suke tafiya, iska kuwa ba ta san katanga ba. Maƙwabci da mai wucewa duk suna iya kama su. Saboda haka aka ƙirƙiro dabarar dagula saƙo, watau a rikitar da shi yadda ba mai iya karantawa sai wanda ke riƙe da mabuɗi.

Abin da yawancin jama'a ba su lura da shi ba shi ne, makullan na'urar biyu ne. Ɗaya kalmar sirrin shiga waifai ce, wadda ake ba iyali da baƙi. Ɗayar kuwa ta shiga shafin sarrafa na'urar ce kanta, ita ce kuma ake mantawa da ita. Sau da yawa kamfani kan bar ta "admin" kurum, kowa kuwa ya san haka. Wanda ya shiga wannan shafi yana iya karkatar da mai gida zuwa shafin banki na jabu. Lalle da ita za a fara. A rubuta adireshin da ke jikin na'urar a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a shiga, a sauya ta.

Sa'an nan a nufi sashen tsaro, a zaɓi irin dagulawar. WEP, ta 1997, masana sun fallasa rauninta tun 2001, yau kuwa cikin 'yan mintoci ake fasa ta. WPA ta 2003 maganin wucin gadi ce. A zaɓi WPA3, ta 2018, in na'urar tana da ita. In babu, sai WPA2 ta 2004 haɗe da AES. Rautar da ba ta san komai ba sai WEP ta gama aikinta, a sayi wata.

Kalmar sirri a WPA2 tana ɗaukar haruffa 8 zuwa 63. Takwas ɗin sun yi kaɗan. Lambar waya da sunan ɗan fari su ne abin da ɓarawo zai fara gwadawa. Gara a jera kalmomi huɗu ko biyar marasa dangantaka da juna.

Har wa yau a kashe WPS. Lambarta mai alkaluma 8 ce, amma a 2011 aka gano cewa na'urar rabi-rabi take duba ta, don haka gwaji 11,000 ya isa a buɗe ta. Ɓoye sunan waifai kuwa, wanda wasu ke taƙama da shi, labule ne kawai, mai kayan aiki zai gan shi.

Gaskiya ne dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya, ta 2015, ta hana shiga na'urar wani ba da izni ba. Amma in aka yi zamba ta layin mutum, ƙofarsa bincike zai fara ƙwanƙwasawa. Baƙi a buɗe musu layin baƙi dabam, a kuma riƙa sabunta manhajar na'urar duk sa'ad da kamfani ya fitar da gyara.