Yadda Na'urar Gwajin Suga Take Karanta Ɗigon Jini

Na'urar gwajin suga lantarki take aunawa. A bakin tsinken gwajin akwai sinadarin enzayim, kamar glucose oxidase. Da jini ya taɓa shi sai ya ci sukarin, a samu 'yar wutar lantarki, wadda ke ƙaruwa gwargwadon yawan sukarin. Manhajar ciki ce ke mayar da ita lamba. Leland Clark ne ya kawo tushen dabarar a Amurka a 1962.

To amma enzayim ba ya jure zafi da danshi. Tsinken da ya wuni cikin mota a rana zai iya ba da lambar ƙarya, mai ciwon suga kuma ya yi allurar insulin a kanta. Ku rufe kwalbar sosai, ku wanke hannu. Ragowar mangwaro a yatsa ma yana ɗaga lambar.