Maganin Kashe Zafi Ba A Ɓallo Wa Wani

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Idan likita ya rubuta wa mutum maganin kashe zafin ciwo ya ji daɗinsa, sai ya adana ragowar, ranar da tsohuwa ta yi kukan ciwon ƙugu ko yaro ya kwana da ciwon haƙori sai a ɓallo musu. Ya kamata jama'a su sani cewa magungunan dangin ofiyom, wato mofin, kodin, tiramadol, fetidin da fentazosin, ba a yin wannan kyauta da su, domin awon da ya ba wani sauƙi yana iya ɗauke numfashin wani.

Mu ɗauki kodin. Shi kansa ba ya kashe zafi sosai sai hanta ta juya shi ya koma mofin, ta hanyar wani sinadari da masana ke kira CYP2D6, kuma ƙarfin wannan sinadari gado ne. Akwai waɗanda hantarsu ba ta juya shi sam, sai su sha su tashi da tashin zuciya kawai, ciwo yana nan. Akwai kuma waɗanda tasu ke juya shi da gaggawa, har wani bincike na 1996 ya sami irinsu kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Habasha da aka gwada. Irin wannan mutum awon da aka saba ma yana cika masa jini da mofin, barci mai nauyi ya kwashe shi, numfashi ya riƙa ja da baya. Ba a gane shi da ido. Bayan mutuwar wasu yara da aka ba kodin bayan tiyatar maƙogwaro, hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, ta kuma gargaɗi masu shayarwa, tunda maganin yana bin nono.

Tsofaffi kuwa matsalarsu ƙoda ce. Idan ta yi rauni, abin da ya rage na mofin ba ya fita ta fitsari da wuri, sai ya taru, tsoho ya rikice ko jiri ya kayar da shi, 'yan gida su ce tsufa ne. Tiramadol yana tayar da farfaɗiya ga mai ita, har ga wanda bai taɓa yi ba idan ya zarce miligiram 400 a yini. Ƙwaya biyu ta mai lamba 225 da ake sayarwa a ɓoye ta riga ta haura wannan iyaka. Mai asma da mai minsharin da ke sarƙe numfashi cikin barci su ma suna cikin haɗari.

Wani zai ce ya sha shekara da shekaru bai ga komai ba. Jikinsa ne ya saba, kuma sabo ba ya bin ƙwayar zuwa jikin wanda ya miƙa wa. Wani kuma zai ce to a hana waɗannan magunguna baki ɗaya, kamar yadda Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Wannan ma kuskure ne. Mai sikila da ciwo ya tasar masa, da mai ciwon daji da wanda ya fito daga tiyata, suna da haƙƙin a kashe musu zafi, kuma sau da yawa mofin ne kaɗai ke iya wa ciwonsu. A asibiti ana duba shekaru da nauyi da lafiyar ƙoda kafin a yanke awo, ana ƙirga numfashi, akwai kuma allurar naloksan da ke karya ƙarfin maganin idan ya yi yawa.