Kanun Aiki Sun Ƙi Ɓoyuwa

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a SOAS, nan Bloomsbury a Landan. Ina rubuta kundin digirina da Org mode na manhajar Emacs. Akwai ƙananan kanu da nake sawa don tuni, irin su "a gyara nan", amma da na mayar da aikin PDF sai su fito. Da na ɓoye su kuma, sai rubutun da ke ƙarƙashinsu ya ɓace. Ina mafita?

Amsa: 'Yata, ga alama alamar noexport kika sa. Ita wannan alama takan kwashe kan da duk abin da ke ƙarƙashinsa, har da ƙananan kanun da ya haifa. Ki bar ta ga bayanan da ba kya so kowa ya gani.

Abin da kike bukata shi ne alamar ignore. Ba ta aiki sai kin sauke kunshin org-contrib, kin loda ox-extra, sannan kin kunna ignore-headlines a saitunanki. Daga nan kan zai ɓace, rubutun ya zauna a wurinsa.

Ki kuma lura da zurfin kanu. Org mode yana ɗaukar matakai 3 na farko a matsayin kanu, na ƙasa da su ya mayar da su jeri. In kina so mataki na 4 ya fito a matsayin kai, ki rubuta H:4 a layin OPTIONS.

Ki gwada da babi ɗaya tukuna, kada ki bari sai daren miƙa aiki. Allah ya ba da sa'a.