Daga Moriki Zuwa Kan Dutsen Kwatarkwashi: Matakan Hawa da Saukowa Lafiya

A tsaunukan Firenis da suka raba Faransa da Sifen akwai hanyar ƙafa mai suna GR10, ta tashi daga gaɓar Atilantika har Bahar Rum, sama da kilomita 800, an bi ta da fenti ja da fari a jikin duwatsu don kada matafiyi ya ɓace. Duwatsunmu ba su da fenti, mutanen gindin dutse ne alamar hanya. Ɗan Moriki da ƙafarsa ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya fara da Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Mataki na 1: Ka tambayi hanya. Kowa ya san halin da titin Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda yake ciki saboda 'yan bindiga. Ka ji ta bakin direbobin tasha ana gobe tafiya, ka sake ji da safe. In suka ce a dakata, ka dakata. Ka yi tafiyar da rana, ka kwana Gusau, washegari ka bi titin Funtuwa zuwa Kwatarkwashi.

Mataki na 2: Ka zaɓi lokacin sanyi, Nuwamba zuwa Janairu, ranar da hazo bai rufe gari ba. Da damina dutse sulɓi gare shi, da bazara kuwa kafin hantsi ya yi zafi kamar kaskon tuya.

Mataki na 3: Ka gaida masu gari. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi matasa suka fi tsallakewa. Kwatarkwashi masarauta ce, dutsen nan yana da masu shi. Ka je wurin mai unguwa, ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da jagora. Mafarauci ko makiyayin da ya tashi a gindin dutsen ya san kogon da zuma ta yi saƙa, ya san gefen da ake gani kamar mai sauƙi amma ba ya ɓullewa. Shi zai gaya maka ko bayan dutse lafiya yake a wannan makon. Ku yanke ladansa tun a ƙasa. Inda ya ce ba a shiga, kada ka ja da shi.

Mataki na 4: Kaya. Kambas mai ƙasan roba wanda ƙafarka ta saba da shi, ban da silifas. Ruwa lita 2 zuwa 3, dabino, ƙuli-ƙuli, hula, waya cike da caji, duk a jakar goyo don hannayenka su zama sake. Ka bar babbar riga a masauki, kuma kada ka shafa turare, yana jawo zuma.

Mataki na 5: Ku kama hawa da fitowar rana, kada ka tafi kai kaɗai. Ka riƙa yin gajeren taku, kana dafa tafin ƙafa gaba ɗaya, kana ratsa gangare a karkace maimakon miƙewa sak. Wanda ya fi kowa rauni shi za a sa bayan jagora. Kada ka cusa hannu a tsagar dutse, nan maciji da kunama ke fakewa.

Mataki na 6: Ku juyo kafin azahar, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba. Saukowa ta fi hawa haɗari: gwiwa ta gaji, tsakuwa tana gudu ƙarƙashin takalmi. Inda dutsen ya yi tsaye, ka zauna ka ja jiki da hannu da ƙafa, ba abin kunya ba ne. Ka sauko da ledojinka.

Idan ƙafa ta saba, ka gwada Kufena a Zariya. Gangirwal kuwa, dutse mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419, yana gandun Gashaka-Gumti a Jihar Taraba. Tafiyar kwanaki ce, sai da izinin ofishin gandun da ke Serti, da jagora, da rigar sanyi mai kauri.