GEMU BA YA HANA ILIMI

A makarantun yaƙi da jahilci ana yawan jin dattijo ya ce: «Kaina ya bushe, karatu sai yara.» Wani ya zo sati biyu, baƙaƙen da ya koya jiya sun ɓace masa yau, sai ya ji kunya ya daina zuwa. Shin gaskiya ne kan tsoho ba ya ɗaukar karatu? Masana sun daɗe suna binciken wannan magana. Ga abin da suka gano.

ABIN DA TSUFA KE SAKEWA

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyi wajen miliyar 86, masu aika wa juna saƙo dare da rana. A can cikinta akwai wani ɗan wuri da masana ke kira hipokam. Aikinsa kamar na mai tsaron rumbu ne: shi ke karɓar sabon abu, ya shigar da shi ajiya. In shekaru sun yi yawa, wurin nan yana raguwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa tsoho ke ba da labarin yunwar 1973 daki-daki, amma ya manta inda ya ajiye carbinsa da safe. Tsohon hatsi yana nan cikin rumbu. Shigar da sabo ne ke ɗaukar lokaci.

Amma ba kome ne ke raguwa ba. Sanin kalmomi da sanin duniya ba su saurin gushewa, har ƙaruwa suke yi zuwa shekara sittin da wani abu. Don haka ake kai rigimar iyakar gona wajen dattawa.

KARATU YANA TAƁA ƘWAƘWALWA

A shekarar 2010, wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun duba mutum 63 a ƙasashen Birazil da Fotugal. Wasu ba su iya karatu ba, wasu sun koya tun suna yara, wasu kuma sai da suka girma. Aka ɗauki hoton cikin kansu da na'ura, ana nuna masu rubutu. Sai aka ga wani wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa yana motsawa in mai karatu ya ga baƙaƙe. Waɗanda suka koya da girma su ma wurin nan ya farka a kansu. Ashe ƙwaƙwalwar babba ma tana buɗe sabuwar hanya.

A shekarar 2019 kuma, a Amurka, an ba da sakamakon binciken tsofaffi 983 waɗanda ba su wuce shekara 4 a lakkwal ba. A cikinsu, 237 ba su iya karatu da rubutu ba. Da aka bi su shekaru, sai aka tarar ciwon mantuwa ya fi kama marasa karatu, wajen ninki biyu. Karatu ba laya ba ne, mai karatu ma yana kamuwa. Amma kan da ya saba aiki ya fi jure wa tsufa.

Motsa jiki ma yana da amfani. A shekarar 2011, a Amurka, an raba tsofaffi 120 gida biyu. Kashi ɗaya suna tafiya a ƙasa, har ta kai minti 40, sau uku a sati. Bayan shekara guda, hipokam ɗinsu ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100. Na sauran kuwa raguwa ya yi. Saboda haka zaunar da tsoho bisa tabarma wuni guda ba gata ba ne.

MANTUWA IRI BIYU CE

Manta suna, daga baya a tuno, wannan tsufa ne kawai. Amma in tsohuwa ta ɓace a garin da aka haife ta, ko ta kasa gane ɗanta, ko ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, wannan ciwo ne. Hausawa na kiransa gigin tsufa. Wani lokotoron Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa mafi yawa a 1906. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mutum miliyan 57 ke fama da ciwon mantuwa a 2021.

Ciwon nan ba maita ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa. Mai shi ba ya yi da gangan. Kada a zage shi, kada a ɗaure shi, kada a bari yara su yi masa ele. A kai shi gidan likita, domin wata ruɗewar zazzaɓi ne ko wani ciwo ke kawo ta, kuma tana warkewa.

Hawan jini, ciwon sukari, shan taba, rashin jin kunne da zaman kaɗaici duk suna ƙara haɗarin. A riƙa awon jini, a rage gishiri, a zauna da tsofaffi ana hira.

GARGAƊI GA MAI KOYO DA MALAMINSA

Maimaici kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. A duba darasi kafin kwanciya, don barci yana kafa abin da aka koya. Dattijo ya zauna gaba, kusa da allo da fitila. Malami ya yi magana a hankali, kada ya gwada saurinsa da na samari. Wanda ya manta baƙi yau, gobe ya komo. Koyo na biyu ya fi na farko sauƙi.

TAMBAYOYI

1. Don me tsoho ke tuna abin da ya daɗe, ya manta na jiya?
2. Ina bambancin mantuwar tsufa da ciwon mantuwa?
3. Wane dattijo ya bar zuwa karatu a garinku? Wa zai je ya kira shi?